Zagaye Arba'in da Shida

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Duk jami'o'in biyu sun ɗauke ni. Na rubuta ne don in ga yadda maganar take a takarda, tunda a gidan nan yanzu ba a ihun murna.

Ta cikin gari ta ba ni injiniyan gine-gine. Mota ɗaya ce daga bakin titinmu, in fita da safe in dawo abincin rana bai huce ba. Ta nesa ta ba ni abin da na nema tun farko, injiniyan lantarki, amma sai an kwana biyu a hanya kafin a kai. An ce in shiga shafin intanet in danna amincewa kafin sha biyun ranar Juma'a, ashirin da takwas ga wata. Wadda na danna ita ce tawa, ɗayar kuma ta tafi ke nan.

Umma na fara faɗa wa a kicin. Ta yi hamdala sau uku, ta goge hannu ta rungume ni, sannan ta rage murya ta ce, "Kada ki yi wa Babanki maganar ta nesan nan tukuna." Na ce saboda me? Ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Na je shago na faɗa masa rabi. Ya ɗago daga kan fankar da yake kwancewa ya ce, "Gine-gine? Ke da ko bulo ba ki taɓa ɗagawa ba? Ina ta lantarkin?" Na ce ba su fitar da sunaye ba tukuna. Ban taɓa yi masa ƙarya a cikin shagon nan ba sai yau.

Laraba, 5 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta aikin Baba yadda yake, ko don wata rana.

In injin ruwa ko fanka ko injin niƙa ya ƙone, shi ake kawo wa. Ya fasa cikin, ya zare ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa ta tagulla a kan kekensa mai mariƙi. Kowane inji da adadin zagayensa. A rage, ya yi zafi ya ƙone. A ƙara, ya yi sanyin jiki ya kasa jan ruwa. Shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa rubuta lamba ko ɗaya ba, duk suna kansa. In ya ga wani mai gyara da littafi sai ya yi tsaki ya ce wannan bai iya ba, kwafa yake yi. Yana juya mariƙin yana ƙirgawa da ƙarfi, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ya haddace wasu lambobin. Ni ma a nan na koyi ƙirga, a zaune kan wani tsohon batir, tun kafin a sa ni makaranta.

Wata huɗu ke nan ina tsayawa a bayansa in yana naɗi. Ina yi kamar ina goge kayan aiki, amma ƙirgawa nake a zuci. In ya tsallake lamba, ko ya koma baya, ko ya yi shiru a tsakiya yana kallon bango, sai in yi tari in faɗi lambar a hankali kamar da kaina nake magana. Shi kuma sai ya ɗora daga nan.

Yau sau uku na yi tari. Ya ce, "Uwata, tarin nan naki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa." Na ce ƙurar shagon ce.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Ban danna ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu

Yaya ya kira. Shekara uku rabonsa da gida, amma in ana maganar gida muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Umma ta riga ta tsegunta masa.

Ya ce, "Ke Auta, injiniya ai duk injiniya ne. Wanda ya gina gida da wanda ya sa masa wuta duk hula ɗaya suke sawa. Ki zauna kusa da su Umma."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce shi aiki ne ya riƙe shi. Na ce ni ma karatu ne zai riƙe ni. Ya ce bakina ya fara tsawo, sai kuma ya sassauta ya ce, "Kin dai san halin da ake ciki." Na ce ban sani ba, ya faɗa mini. Ina jin ƙarar motoci ta wajensa, sai ya ce ana kiransa.

Kowa ya san halin da ake ciki, kuma ba wanda zai kira shi da sunansa. Har ni.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Ƙawayena suna ta turo hotunan takardun ɗaukarsu da 'yan furanni a gefe. Na rubuta musu dogon saƙo, na karanta, na goge. Na tura musu "Allah ya sanya alheri" kawai.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je na ga ta cikin gari da idona. Da niyyar in tsane ta na tafi, sai ta ƙi ba ni dalili.

Bishiyoyi ne reras tun daga ƙofa. Wata mata a ofishin sashen ta ba ni kujera, ta tambaye ni ko na karya, ta sa aka zagaya da ni. An nuna mini wani inji da ke matse dunƙulen kankare har ya fashe, don a san ƙarfinsa. Ɗaliban da ke wurin suka yi shewa da ya tarwatse. Ni ma na yi murmushi don kada a ce ban da ladabi. Amma idona yana kan injin da ke tura matsewar, a can ƙasa, ina jin gunjinsa ina cewa wannan naɗin wayar cikinsa ya kusa neman magani.

Ba laifinta ba ne. Makaranta ce mai kyau. Da ma ta kasance mummuna, da na samu abin kamawa.

Na dawo bayan la'asar na tarar Baba ya gama naɗa injin mai wankin motoci shi kaɗai, har ya rufe ya ɗaure. Yana ta fara'a, ya ce, "Yau da ba mai yi mini tari a ka, kin ga yadda aiki ya gudu?" Na yi dariya, amma idona yana kan injin da ya rufe.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Mai wankin motoci ya dawo da injin a bayan babur, yana ƙauri. Tun daga bakin titi ya fara. Wai minti goma bai yi ba ya hau hayaƙi, ga motocin mutane jere da kumfa a jiki. Ya ce, "Malam, shekara nawa ina kawo maka aiki? In hannun ya gaji ai sai a faɗa wa mutane." Mai ɗinki ya fito yana ba shi haƙuri. Masu wucewa suka rage tafiya.

Baba ya kalli injin. Mutumin da in aka taɓa aikinsa sai unguwa ta ji, yau ya tsaya riƙe da sukundireba yana juya ta a hannu. Ni ce na ce a bar injin, ranar Litinin a zo a ɗauka.

Da ya tafi masallaci na buɗe cikin, na warware naɗin ina ƙirgawa. Irin wannan injin arba'in da shida ne, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Naɗi na farko arba'in da shida. Na biyu arba'in da shida. Na uku talatin da ɗaya.

Rabin yini kawai na yi ba na nan.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku

Sun je asibiti shi da Umma. Ya sa hularsa ta zuwa ɗaurin aure. Sun dawo ba mai kallon wani, Umma ta ce likita ya ce ya riƙa hutawa, ta shige ɗaki da wata takarda a ninke cikin mayafi.

Na san inda ta sa ta. Ban buɗe ba.

Juma'a, ƙarfe biyar

Ƙarya nake, na buɗe. Ba zan rubuta sunan ciwon a nan ba.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Tun safe nake shago ni kaɗai, ƙofa a sakaye. Na sake naɗa injin mai wankin motoci, sannan na zauna na yi abin da ya daɗe yana yawo a kaina.

Na ɓalle bayan tsohuwar kalkuletata ta sakandare, na jona siraran wayoyi biyu a ƙarƙashin maɓallin da ke fitar da amsa, na kai su ga wani ɗan makunni da na cire daga mataccen rediyo. Na ɗaure makunnin a jikin keken naɗi, na sa ƙusa a mariƙin yadda duk zagaye ɗaya sai ta taɓa shi. In ka danna ɗaya da alamar tarawa, shi ke nan, kowane zagaye lamba ta ƙaru da ɗaya. Sau biyar na ƙona yatsa. Da farko tana tsallake, na lanƙwasa ƙusar kaɗan, ta daidaita. Na juya ɗari, ta ce ɗari.

Na yi tsalle a tsakiyar shago kamar wata yarinya. Na waiwaya in nuna wa wani, sai fankokin mutane a jere suna kallona.

Wannan nake so in karanta. Wannan ɗin nan, ba kankare ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya gani. Na nuna masa yadda take, ina ta zuba kamar mai talla. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Wa ya ce miki ina neman mai ƙirga mini?"

Na ce don sauƙi ne kawai, Baba.

Ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki da bakina da kaina. Yau 'yar da na koya wa ɗaya da biyu ita ce za ta rataya mini abin wasan yara a keke, kowa ya shigo ya gani?" Ya sa filaya ya kwance ta. Bai fizge ba, a hankali ya kwance, waya bayan waya, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya jefa ta a aljihun tebur ya tura da gwiwa.

Na fita bayan shago na yi kukana na share. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanda zan fara da shi.

Talata, 18 ga wata

Ba ya yi mini magana sai ta miƙo wannan, ajiye wancan. Tari biyu yau.

Laraba, 19 ga wata

Ban danna ba. Saura kwana tara.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Asiri ya tonu, kuma ta inda ban zata ba.

Malaminmu na kimiyya ya kawo fankarsa gyara. Yana shigowa ya kama hannun Baba da hannu biyu yana jijjigawa. "Malam, ina taya ka murna! Lantarki fa, a can! Mutum nawa suke ɗauka a shekara? Ɗakin gwajinsu kaɗai ya fi makarantarmu girma. Yarinyar nan gadonka ta yi." Ina bayan Baba ina yi masa alama da ido, shi kuwa ya ɗauka kunya nake ji, sai ƙara wa maganar gishiri yake.

Baba ya ce, "Yaushe suka fitar?"

Malamin ya ce, "Ai tun farkon wata."

Baba ya juyo ya zuba mini ido. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya juya ya tambayi malamin me fankar take yi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyu

Ya ce yau ba ya buƙatata a shago. Jiya ma haka ya ce. Mai ɗinki ya gaya mini ya ga ya shiga kantin littattafai, ya dawo ya rufe ƙofa ta ciki, ba ya karɓar aiki. Na leƙa ta kafar ƙofa, bayansa kawai na gani a sunkuye kan tebur.

Na zauna a gida ina ta share tsakar gida da ba ta da datti. Ban san hannuwana ba su iya zaman banza ba sai yanzu.

Litinin, 24 ga wata, da hantsi

Ina taya Umma shanya na ce mata ta cikin gari zan danna. Na zata za ta ji daɗi. Sai ta tsaya da rigar Baba a hannu tana ɗigar ruwa a ƙafarta.

Ta ce, "Kin san ba don ba na son ki da karatun ba ne."

Na ce na sani.

Ta ce, "Magani zan iya ba shi. Abinci zan iya, wanki zan iya, in ya ɓata rai ma na san yadda nake yi da shi. Ƙirgan nan ne ban iya ba. Ranar da ya daina zuwa shagon nan, ban san wanda zai zauna mini a ɗaki ba." Ta matse rigar ta shanya, ta ɗauki ta gaba.

Na buɗe shafin a waya, na kai yatsa kan sunan ta cikin gari. Na daɗe a haka har hasken wayar ya mutu. Na ce gobe.

Talata, 25 ga wata

Gobe.

Laraba, 26 ga wata, lokacin azahar

Umma ta aike ni kai masa abinci, na tarar ya tafi sallah ya bar ƙofa a buɗe. A kan tebur akwai littafin rubutu irin na 'yan firamare, da fensir a tsakiya.

Lambobin ne. Duka. Kowane shafi da injinsa: sunan inji, kaurin waya, adadin zagaye, da rubutunsa mai manyan ƙafafu kamar zai faɗo daga layi. Fankar sama, fankar ƙasa, injin ruwa ƙarami da babba, injin niƙa, har da wasu injinan da aka daina kawowa tun ina ƙarama. Wasu wuraren ya goge ya sake har takardar ta huje. Mutumin da ke cewa mai littafi kwafa yake yi, kwana biyar ya rufe kansa yana kwafe kansa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Uku ba daidai ba ne.

Na daɗe a tsaye. Sannan na ɗauki fensirinsa na goge ukun, na rubuta na gaskiya, ina kwaikwayon hannunsa iya iyawata. Na mayar da fensirin inda yake, na ajiye kwanon abinci, na fita kamar ɓarauniya.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Da safe ya ce, "Uwata, taso mu je." Rabon da ya kira ni haka kwana goma.

Muna shiga na ga kalkuletar a jikin keke. Shi ya mayar da ita da kansa, har ya yi mata ɗan gida da gwangwani, ɗaurinsa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ya lulluɓe fuskarta da tsumma. Littafin yana buɗe a gefe, an danne shi da sifana.

Ya ce, "Tsaya can bakin ƙofa. Kuma ki riƙe tarinki."

Ya ɗora yatsa a kan shafin injin ruwa, ya karanta da ƙarfi, arba'in da shida. Ya kama mariƙi ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Muryar nan dai da na tashi da ita. Na dafe bakina da mayafi. A wajen talatin ya ɗan yi jim, ya ci gaba. Ya kai arba'in da shida ya tsaya, ya goge hannu a riga, ya ɗaga tsumman.

Arba'in da biyar.

Ba wanda ya yi motsi. Keken mai ɗinki yana ta kacakaca ta bayan bango. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ke nawa kika samu?"

Na ce, "Arba'in da biyar, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kama mariƙin ya ƙara zagaye ɗaya, lambar ta canza, ya mayar da tsumman ya rufe. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Tun tarinki na farko na sani. Kin ɗauka ban san ƙurar shagona ba?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Kuma bakwai ɗinki ba irin nawa ba ne. Ni ba na yi masa ɗamara a tsakiya."

Na yi dariya da hawaye a haɗe, wani irin sauti mara kyan ji.

Ya ce, "Wanda ya iya haɗa wannan daga mataccen rediyo ba kankare zai je ya fasa ba. Je ki danna ta nesan. Ban haife ki don ki tsaya a bayana kina tari ba."

Na ce, "In batirinta ya mutu fa? In ƙusar ta goce? In wata rana littafin ma..." Ban ƙarasa ba.

Ya ce, "Ranar sai a rufe shago. Ko kina nan ma ranar za ta zo." Ya juya ya ɗauki almakashi ya yanke wayar. Ya ce in faɗa wa Umma shi ya ce, kuma in Yayana yana da magana ya zo ya faɗa a nan da ƙafarsa.

Juma'a, 28 ga wata, sha ɗaya da kwata

Na danna. Ta nesa.

Wani koren rubutu ya fito yana taya ni murna. Ina zaune a bakin gado, ba kowa a ɗakin. Umma tana kicin, na san ta ji shirun, ba ta tambaya ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na bi ta shago, ban shiga ba. Na tsaya a gefen ƙofa inda ba zai gan ni ba.

Yana naɗi. Ina jin ɗaya, biyu, uku, sai na ga leɓɓana sun kama motsi da kansu. Na cije su. Na juya na hau karanta allon mai ɗinki, harafi bayan harafi, na koma kan lambar motar da ke fake a bakin titi, don dai ƙirgan ya ɓace mini. Da ƙyar ya ɓace. Maƙogwarona yana ta ƙaiƙayi, na haɗiye.

Na ji ya ce arba'in da shida. Keken ya tsaya. Na leƙa, na ga ya ɗaga tsumman ya sunkuya yana dubawa, ya daɗe yana dubawa. Bai waiwayo ya nemi kowa ba.

Ban san lambar da ya gani ba. Na juya na kama hanyar gida.